Paul Broca: Likitan da Ya Gano Mazaunin Magana, Ya Kuma Auna Kawunan Mutane

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wannan hali. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, mara lafiya yana jin duk abin da ake faɗa, yana gane 'ya'yansa, idan aka miƙo masa kunu ya girgiza kai don shayi yake so, amma magana ta ƙi fita. Harshensa yana motsi, muryarsa tana nan, kalmar ce ba ta zuwa. Ɗan yankin ƙwaƙwalwar da kan lalace a irin wannan hali yana da suna a wurin likitoci, kuma sunan mutum ne: Paul Broca, likitan fiɗa na ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1824 zuwa 1880. Babu ɗalibin likitanci da zai gama makaranta bai haddace sunan ba. Abin da ba kasafai ake gaya wa ɗaliban ba shi ne, mutumin ya ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa a wani aiki dabam, wato auna ƙoƙon kai da nauyin ƙwaƙwalwa don ya jera 'yan Adam hawa-hawa, farar fata a sama, baƙar fata a ƙasa, mata a bayan maza. Hannu ɗaya ne ya yi ayyukan biyu, a shekaru ɗaya, har ma a zaure ɗaya. Yadda ɗaya ya tsaya har yau ɗayan kuma ya rushe shi ne abin da ya cancanci a duba.

An haife shi ranar 28 ga Yuni, 1824, a Sainte-Foy-la-Grande, wani ƙaramin gari a bakin kogin Dordogne a kudu maso yammacin Faransa. Gidansu 'yan Furotesta ne a ƙasar da Katolika suka rinjaya, mahaifinsa kuma likita ne da ya yi aiki a rundunar Napoleon. Yana da shekara 17 ya tafi Faris karatun likitanci. Kafin ya cika shekara talatin da biyar ya riga ya yi suna da bincike kan ciwon daji, da cututtukan ƙashi da guringuntsi, da wani babban littafi na 1856 kan kumburin jijiyoyin jini. Mutum ne mai ƙwazo na ban mamaki, marar son a gaya masa abin da zai yi tunani a kai, kuma ɗan ra'ayin jamhuriya a zamanin da sarki Napoleon na Uku ke mulki.

Zomo ne ya kai shi ga nazarin ɗan Adam. A 1858 ya fara karanta wa Ƙungiyar Nazarin Halittu ta Faris wata takarda kan wasu dabbobi da aka ce an same su ta hanyar haɗa zomon daji da zomon gida, kuma suna ci gaba da haihuwa. Maganar ba ƙarama ba ce a lokacin. Malamai sun daɗe suna cewa alamar jinsi ɗaya ita ce haihuwa mai ɗorewa: doki da jaki suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka su jinsi biyu ne, yayin da mutane kowane iri suke auren juna su hayayyafa, don haka asalinsu ɗaya. Broca ya so ya karya wannan hujja, domin shi yana cikin masu cewa 'yan Adam ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Shugaban ƙungiyar, Pierre Rayer, ya tsorata da inda maganar ta nufa, ya roƙe shi ya dakata. Broca ya tattara takardunsa, ya nemo abokai, su 19 suka kafa Ƙungiyar Nazarin Ɗan Adam ta Faris, wadda ta yi zamanta na farko ranar 19 ga Mayu, 1859. Gwamnati ta ba da izini bisa sharaɗin ba za a taɓa siyasa ko addini ba, kuma ta riƙa turo ɗan sanda ya zauna a cikin taron yana saurare.

A wannan ƙungiya ce, a farkon 1861, gardama ta tashi tsakaninsa da Pierre Gratiolet, wani gwanin ilimin sassan jiki. Tambayoyi biyu ne suka cuɗanya. Ta farko, shin girman ƙwaƙwalwa yana nuna yawan basira? Ta biyu, shin ƙwaƙwalwa tana aiki ne a dunƙule, ko kowane sashe da aikinsa? Gratiolet ya ce a'a ga duka biyun. Broca ya ce i ga duka biyun. Ana cikin haka, a watan Afrilu, aka kawo wani mara lafiya ɗakinsa a asibitin Bicêtre da ƙafar dama da ta ruɓe.

Sunansa Louis Victor Leborgne, yana da shekara 51, kuma ya shafe 21 daga cikinsu a asibitin. Tun yana ɗan shekara talatin magana ta ɗauke masa. Duk abin da aka tambaye shi, amsarsa ita ce "tan, tan", har ma'aikatan asibiti suka laƙaba masa Tan. Idan ransa ya ɓaci sai wata ashariya guda ta kuɓuce masa. Broca ya zauna da shi ya gwada shi da haƙuri. Ya duba harshe da leɓɓa da maƙogwaro ya ga lafiyarsu ƙalau. Ya tambaye shi shekara nawa ya yi a Bicêtre, sai mutumin ya buɗe hannun hagu sau huɗu ya ƙara yatsa ɗaya. Hankali yana nan ke nan, lissafi yana nan. Ranar 17 ga Afrilu Leborgne ya rasu, washegari Broca ya kai ƙwaƙwalwarsa gaban ƙungiyar. A ɓangaren hagu ta gaba akwai wani rami cike da ruwa, wanda girmansa ya kai ƙwan kaza. Bayan wasu watanni ya sami na biyu, wani tsoho mai shekara 84 mai suna Lelong, wanda kalmomi biyar kacal suka rage masa, kuma tabon yana wuri ɗaya.

Yadda ya tafiyar da wannan bincike abin koyi ne. Bai yi gaggawar cewa ɓangaren hagu ne ke riƙe da magana ba, domin abin ya saɓa wa abin da kowa, har shi kansa, ya yarda da shi, cewa gaɓoɓi biyu masu kama ɗaya aikinsu ɗaya. Ya yi ta tara marasa lafiya yana jiran wanda zai ƙaryata shi. Sai a 1865 ya fito ya faɗa ƙarara. Gaskiya ne wani likitan karkara, Marc Dax, ya lura da haka tun 1836, ɗansa Gustave kuma ya yi ta fafutukar a san hakan, amma Broca ne ya kawo hujjar da ta tsaya a gaban malamai. Bai kuma yanka ƙwaƙwalwar Leborgne ba, ya ajiye ta ɗungurungum a cikin kwalba don na baya su duba. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka sa ƙwaƙwalan Leborgne da Lelong a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka ga ɓarnar ta yi zurfi fiye da yadda ya hango daga waje. An gyara maganarsa, an faɗaɗa ta, kamar yadda Carl Wernicke ya fara yi tun 1874, amma ginshiƙinta bai faɗi ba.

Ɗayan aikin ma da irin wannan tsantseni ya shige shi, kuma wannan ne ya sa ya yi hatsari. Broca ya ƙera na'urorin awo fiye da ashirin: na auna faɗin kai, na auna kusurwar fuska, na zana siffar ƙoƙon kai a takarda. Don sanin cikin ƙoƙon kai, sai a kifa shi, a ɗura ƙananan ƙwayoyin dalma ta ramin da lakar baya ke shiga, a daddanna su da sanda, sannan a juye su a kwalbar awo. Ya yi dogon rubutu kan girman mazurari da yadda za a danna, don kada awon mutum biyu ya bambanta. A 1865 ya fitar da littafin umarni ga matafiya da likitocin jiragen ruwa da sojoji, mai ɗauke da allon launuka: 20 na ido, 34 na fata da gashi, kowanne da lambarsa. Mai binciken zai kara allon a jikin mutum ya rubuta lamba. Ya kafa ɗakin gwaji, ya kafa mujalla a 1872, ya buɗe makaranta a 1876. Daga ko'ina Faransa ta kafa tuta, akwatunan ƙasusuwa suka riƙa isowa Faris.

Alƙalumansa ba na ƙarya ba ne. Stephen Jay Gould, wanda ya bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1981 kan tarihin auna basira, ya yarda Broca bai murɗe lamba ba. Matsalar tana wurin zaɓen abin da za a auna, da wurin fassara shi. Jikin mutum yana da ɗaruruwan wurare da za a iya sa ma'auni. Broca ya riga ya san jerin da yake nema, don haka ma'aunin da ya ba da jerin sai ya zama mai ma'ana, wanda ya ƙi kuma a ajiye shi gefe.

Ga misali. Ya auna ƙashin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ya gwada shi da ƙashin damtse, bisa tunanin cewa dogon hannu kamannin biri ne. Da farko abin ya yi masa daɗi, don na baƙar fata ya fi na farar fata tsawo. Sai ya auna ƙasusuwan wani ɗan yankin ƙanƙara na arewa, da wani ɗan asalin Ostireliya, da na Sarah Baartman, matar nan 'yar kudancin Afirka da aka yi ta nunawa a Landan da Faris har ta mutu a 1815. Dukansu hannunsu ya fi na Bature gajarta. Bisa ƙa'idarsa sun fi Bature ke nan. Bai karɓi haka ba, sai ya rage darajar ma'aunin.

Na biyu ya fi bayyana. Gratiolet ya jefo masa wasu alƙaluma da ke nuna ƙwaƙwalwar Jamusawa ta fi ta Faransawa nauyi da kusan giram 100. Nan take Broca ya tuna da duk abin da ke shafar nauyin ƙwaƙwalwa: Faransawan da aka auna sun fi tsufa, da yawa cikin Jamusawan mutuwar farat ɗaya suka yi ba doguwar jinya ba, kuma Jamusawa sun fi girman jiki. Ya cire wannan, ya cire wancan, har tazarar ta ɓace. Gyaran nan daidai ne a ilimance. Amma da ya zo kan mata, inda ya auna ƙwaƙwalan maza 292 da na mata 140 a asibitocin Faris ya sami matsakaicin giram 1,325 ga maza da 1,144 ga mata, bai yi wannan lissafin ba. Ya ambaci cewa mata sun fi ƙanƙantar jiki, sannan ya ce tunda an riga an san basirarsu ta ɗan gaza ta maza, to tazarar giram 181 ɗin tana nuna duka biyun. Abin da ake neman a tabbatar shi ne ya zama hujjar kansa. Matan da ya auna kuwa sun girmi mazan sosai, ƙwaƙwalwa kuma tana raguwa da tsufa, kamar yadda shi da kansa ya nuna a kan Faransawa.

Haka ya yi da maƙabartun Faris. Ya so ya nuna kan Bafaranshe yana ƙara girma da ci gaban wayewa, sai ya auna ƙoƙunan kai na ƙarni na 12 da na 18 da na 19. Ya sami mililita 1,426, da 1,409, da 1,462. Na tsakiya ya ɓata layin. Ya warware da cewa na ƙarni na 12 manyan mutane ne tunda a harabar coci aka binne su, na ƙarni na 18 kuma talakawa ne na kabarin gama-gari. Da zarar an ba mai bincike damar kawo sabon dalili duk lokacin da lamba ta ƙi shi, babu sakamakon da zai iya kayar da shi. A ɗakin Leborgne akwai abin da zai iya kayar da Broca: marasa lafiya da suka rasa magana alhali wurin nan lafiya lau. Ya san haka, ya kuma neme su. A ɗakin awon kai bai bar wa kansa irin wannan ƙofa ba.

Ba na jin adalci ne a mai da shi dodo. Ya yi tir da bauta, yana cewa bambancin asali ba ya ba kowa ikon mallakar wani. Ya ƙi ra'ayin wani marubuci mai suna Gobineau na cewa cakuɗuwar jini ce ke rusa al'umma, ya nuna Faransawa kansu gauraye ne kuma ba su fasa hayayyafa ba. Da wani mai bincike, Ephraim George Squier, ya kawo masa wani tsohon ƙoƙon kai daga Peru a 1867 mai rami mai kusurwa huɗu, Broca ya duba gefen ƙashin ya ce fiɗa ce aka yi wa mai rai, kuma ya rayu kwanaki bayanta, wato mutanen da Turai ke rainawa sun iya buɗe kai tun kafin zuwan Bature. Shi ne ya yi nazarin ƙasusuwan mutanen da na Cro-Magnon da aka tono a 1868. Da aka zaɓe shi sanata na har abada a 1880, aikin da ya sa a gaba shi ne rahoton dokar buɗe wa 'yan mata makarantun sakandare. Sai dai duk wannan bai wanke shi ba. Mutumin da ya ce gaurayen Faransawa lafiya ne shi ne ya ce 'ya'yan baƙi da fari haihuwarsu ba ta ɗorewa, yana dogaro da labaran matafiya da na likitocin ƙasashen da ake bautar da mutane, irin shaidar da ba zai taɓa karɓa ba a kan ciwon daji. Ba kuma za a ce zamaninsa ne kawai ba. Tun 1836 Friedrich Tiedemann na Heidelberg ya auna ya ce bai ga bambancin da ake faɗa ba tsakanin ƙwaƙwalwar Ba'afirke da ta Bature. Gratiolet yana zaune a gabansa yana musa masa. Akwai wata hanyar, kuma ya san da ita.

Illar ta fi ta masu zagi da baki, saboda ta zo da rigar lissafi. Mai mulkin mallaka da ke neman dalilin da zai kwantar masa da rai ya samu a tebur mai lambobi, daga hannun likitan da duk Turai ke girmamawa. Louis Faidherbe, gwamnan Senegal wanda ya shimfiɗa hanyar mamayar Faransa a Afirka ta Yamma, ɗan ƙungiyar ne, kuma shi ma ya auna ƙoƙunan kai a Aljeriya. Da aka kawo mutanen Nubiya lambun Jardin d'Acclimatation na Faris a 1877 aka nuna su tare da raƙuma da raƙuman dawa, 'yan ƙungiyar sun je da ma'aunansu. A 1879 Gustave Le Bon ya ɗauki alƙaluman makarantar Broca ya rubuta cin mutuncin mata da ya wuce na malamin nesa ba kusa ba. Alphonse Bertillon, ɗan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya kai awon jiki ofishin 'yan sandan Faris don gane masu laifi.

Broca ya mutu farat ɗaya ranar 9 ga Yuli, 1880, yana da shekara 56. An cire ƙwaƙwalwarsa an ajiye a tarin ɗakin gwajinsa, sunansa kuma yana cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Rushewar aikin awon kai daga cikin gida ta fara. Ɗalibinsa Léonce Manouvrier ya sake lissafin mata, ya sa girman jiki a ciki, ya nuna hujjar ba ta tsaya ba. Auna ƙwaƙwalan manyan mutane ma ya ƙi ba da abin da ake so: ta marubucin Rasha Turgenev ta haura giram 2,000, ta Anatole France, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi, ba ta wuce 1,017 ba. Amma amsar da ta fi ratsa ni ita ce ta Anténor Firmin, lauya kuma ɗan jarida daga Haiti, baƙar fata, wanda aka karɓa a ƙungiyar a 1884. Ya zauna a zauren yana jin malamai suna maganar ƙasƙancin irinsa kamar abin da aka gama. Bai tashi ya yi hayaniya ba. Ya koma ya rubuta littafi mai shafi fiye da 600 kan daidaiton jinsunan 'yan Adam, ya fitar a 1885. Ya ɗauko teburan Broca da na magajinsa Paul Topinard ya jera su gefe da gefe, ya nuna yadda wani ma'auni ke sa baƙi a sama wani ya sa su a ƙasa, yadda lambobin ƙabilu suke shiga juna, da yadda mai awon ke canza ƙa'ida idan sakamako bai yi masa ba. Kusan duk abin da Gould ya faɗa bayan shekara 96, Firmin ya riga ya hango shi. Malaman Faris suka yi shiru da littafin, bai kuma fito da Ingilishi ba sai a shekarar 2000.

Sauran ya biyo baya. Franz Boas ya auna dubban baƙin haure da 'ya'yansu a New York, ya nuna a 1911 cewa siffar kai, wadda aka ɗauka hatimin jinsi ce da ba ta canzawa, tana ɗan sauyawa da wurin da yaro ya tashi. A 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gado yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Binciken baya kuma ya tabbatar da cewa asalin 'yan Adam ɗaya ne, daga Afirka, nahiyar da mutanenta suka fi na ko'ina bambanta da juna. Awon ƙashi bai mutu ba. Da dabarun da Broca ya daidaita ake gane shekarun gawar da aka tono da ko ta namiji ce ko ta mace, ake kuma nazarin mutanen da. Jerin sama da ƙasa ne aka zubar.

Ƙasusuwan kuwa suna nan. Tarin Broca ya koma gidan tarihi na Musée de l'Homme a Faris, inda ya haɗu da dubban ƙoƙunan kai da aka kwaso daga kaburbura da asibitoci da filayen yaƙi. Sai da majalisar Faransa ta yi doka ta musamman kafin a mayar da Sarah Baartman Afirka ta Kudu a 2002. A Yulin 2020 aka mayar wa Aljeriya ƙoƙunan kai 24. A Disamban 2023 Faransa ta yi dokar da ta sauƙaƙa mayar da gawawwaki ga ƙasashen da suka nema, kuma a ƙarƙashinta aka miƙa wa Madagaska guda uku a 2025, ciki har da wanda ake kyautata zaton na Sarki Toera ne, wanda sojojin Faransa suka kashe a 1897. Babbar wahalar masu wannan aiki ita ce gane wane ne wane, domin waɗanda suka tara ƙasusuwan sun rubuta ƙabila da lamba da girman kai, ba kasafai suka rubuta suna ba. Ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mulka, har da Nijar, suna da haƙƙin su nemi a buɗe musu rajistar ƙasusuwan, su san ko akwai nasu a ciki.